Satar kaya a ƙofar gida: abin da tsananta hukunci a Amurka zai iya magancewa da abin da ba zai iya ba

Tun daga shekarar 2019, majalisun dokokin jihohi da dama a Amurka suke ta kafa dokoki na musamman a kan laifi guda ɗaya, wato ɗauke ƙunshin kayan da kamfanin kai saƙo ya ajiye wa mutum a ƙofar gidansa kafin mai shi ya fito ya ɗauka. Jihar Teksas da ta Mishigan suna cikin waɗanda suka fara, Oklahoma ta biyo baya a 2020, Jojiya da Arkansas a 2021, New Jersey da Kentucky a 2022, Pennsylvania a ƙarshen 2023, sannan Filorida a 2024. Kusan dukkansu hanya ɗaya suka nufa, ita ce ƙara wa hukuncin nauyi, har wasu suka mayar da laifin cikin manyan laifuffukan da ake ɗaure mutum shekaru a kansu. Ina ganin 'yan majalisar sun yi daidai da suka gane cewa tsohuwar dokar sata ba ta dace da wannan laifi ba, amma da yawa daga cikinsu sun ɗora fatansu a kan tsawon ɗauri, alhali ba a nan matsalar ta fi tsanani ba.

Yadda ake kai kaya a Amurka shi ya buɗe wa ɓarayin ƙofa. Mutum ya sayi abu ta intanet, direban kamfani ya kawo da rana tsaka lokacin da mutanen gida suke wurin aiki ko makaranta, ya ajiye kwalin a baranda ko a dokin ƙofa, ya ɗauki hotonsa a matsayin shaidar cewa ya kawo, ya wuce gida na gaba. Ba ya jiran kowa ya sa hannu, domin jira yana cin lokaci, kuma lokaci kuɗi ne ga kamfanin da ke son direba ɗaya ya zaga gidaje masu yawan gaske a yini. Kwalin kuwa yana iya shafe sa'o'i a fili, duk wanda ya wuce ta titi yana ganinsa. A watan Disamban 2019 jaridar New York Times ta buga ƙiyasin cewa kimanin ƙunshi 90,000 ne ke ɓacewa kullum a birnin New York kaɗai, a faɗin ƙasar kuma kimanin miliyan 1.7, ko da yake wannan lissafi ya haɗa wanda aka sace da wanda ya ɓace ta wata hanya. Bayan haka annobar korona ta zo a 2020 ta ƙara tura mutane ga sayayya daga gida.

Wanda bai san tsarin dokokin Amurka ba zai yi mamakin cewa ana bukatar sabuwar doka, tunda sata sata ce. Giɓin farko yana cikin dokar tarayya. Sashe na 1708 na kundi na 18 na dokokin tarayya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya saci wasiƙa ko ƙunshi daga hannun gidan waya, sashe na 1702 kuma ya tanadi irin wannan hukunci ga wanda ya tare saƙo kafin ya isa hannun mai shi. Sai dai wannan kariya ta saƙon da hukumar gidan waya ta ƙasa, USPS, ta ɗauko ce. Abin da kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu irin su UPS da FedEx, ko direbobin kamfanin sayar da kaya ta intanet na Amazon, suka kawo ba ya cikinta. Wata dokar tarayyar ma ta hana kowa sanya saƙo a akwatin wasiƙun gida in ba gidan waya ba, don haka ko ƙaramin ƙunshin da zai shiga akwati, kamfanoni masu zaman kansu dole su bar shi a waje. Sakamakon haka kwali biyu suna iya zama gefe da gefe a baranda ɗaya, ɓarawo ɗaya ya kwashe su a lokaci ɗaya, ɗayan ya zama laifin tarayya, ɗayan kuma ƙaramar sata a ƙarƙashin dokar jiha. An gabatar da ƙuduri a majalisar wakilai ta tarayya a 2022, ta hannun ɗan majalisa Dean Phillips, domin a daidaita su, amma bai zama doka ba.

Giɓi na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma yana cikin yadda jihohi ke auna girman sata. A al'adar shari'ar Amurka ana raba laifuffuka gida biyu: ƙaramin laifi, wanda hukuncinsa yawanci ba ya wuce shekara ɗaya a gidan yarin ƙaramar hukuma, da babban laifi, wanda ke iya kai mutum kurkukun jiha fiye da shekara. Abin da ke raba ƙaramar sata da babba shi ne kuɗin abin da aka sata. A Teksas sai darajar kayan ta kai dala 2,500 kafin satar ta zama babban laifi, a Kalifoniya kuwa iyakar dala 950 ce. Mafi yawan abin da ake ajiyewa a ƙofar gida bai kai ko kusa da haka ba. Kafin dokar 2019, wanda ya ɗauke ƙunshin da bai kai dala 100 ba a Teksas, abin da zai fuskanta tara ce da ba ta wuce dala 500 ba, babu ɗauri ko na kwana ɗaya. Dokar fasa gida ita ma ba kasafai take kama shi ba, domin bai ɓalle ƙofa ba kuma bai shiga cikin gini ba. Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana a shari'ar Jardines ta 2013 cewa barandar gaba tana cikin harabar gida da tsarin mulki ke karewa, amma a hukuncin nan ɗin ta yarda cewa al'ada ta ba kowane baƙo izinin ya tako har bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa. Ɓarawon ƙunshi yana amfani da wannan izini ne, ya tako kamar mai sallama, ya juya da kayan mutane.

A nan ne nake ganin hujjar masu son doka ta musamman ta fi ƙarfi. Auna laifi da kuɗin kaya yana da ma'ana idan ɓarawo ya ga abin da yake ɗauka ya zaɓa, kamar mai sata a kanti. Wanda ya ɗauki rufaffen kwali bai san abin da ke ciki ba. Niyyarsa ɗaya ce ko ya tarar da safa ko ya tarar da kwamfuta, amma tsohuwar doka sai ta bar sa'a ta yanke masa girman hukunci. Haka kuma farashin da ke kan rasit ba ya nuna girman cutarwar. Maganin ciwon sukari ko na zuciya da aka aiko wa tsoho yana iya zama mai araha a takarda, amma rashinsa na kwana uku yana iya kai shi asibiti. Takardar banki ko katin shaida ba su da farashi a kasuwa, amma da su ake buɗe asusu da sunan mutum a ci bashi a bar shi da biya. Waɗanda suka fi dogara da a kawo musu kaya gida kuwa su ne tsofaffi da masu naƙasa da marasa lafiya, wato mutanen da ba su da zaɓin zuwa kanti. Bayan duk wannan akwai abin da ba a iya sa wa farashi, shi ne mutum ya san cewa wani ya tsaya yana lura da gidansa, ya san lokacin da ba ya nan, ya tako har ƙofarsa.

Da aka zo gyara, jihohin ba su bi hanya ɗaya ba, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ainihin abin dubawa. Teksas ta ajiye batun kuɗi gefe ta koma ƙirga gidaje. A dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Satumban 2019, wanda ya saci saƙon mutanen da ba su kai goma ba ya yi ƙaramin laifi mafi girma, mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar dala 4,000. Daga mutum goma zuwa ashirin da tara, laifin ya zama babba, mai ɗaurin kwana 180 zuwa shekara biyu. Daga talatin zuwa sama, ɗaurin shekara biyu ne zuwa goma. Idan kuma aka tabbatar cewa an saci saƙon ne domin a yi amfani da bayanan mutane wajen zamba, ko an san cewa na tsofaffi ne ko masu naƙasa, hukuncin yana ƙara hawa. Jojiya ta ɗauki tunani mai kama da wannan amma ta sauko da ma'aunin ƙasa sosai: ƙunshi uku daga adireshi uku daban-daban sun isa babban laifi mai ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar. Oklahoma ta haɗa ƙirga da lokaci, ta ce sata uku cikin kwana 60 ita ce babban laifi, mai ɗaurin shekara biyu zuwa biyar.

Mishigan da Pennsylvania sun duba tarihin mai laifin ne. A Mishigan karon farko ƙaramin laifi ne mai ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, wanda ya sake kuwa yana iya samun shekara biyar. A Pennsylvania, inda gwamna Josh Shapiro ya rattaba hannu a Disamban 2023, an jera matakai: karon farko a kan kayan da ba su kai dala 200 ba laifi ne mafi sauƙi, sai a karo na uku, ko kuma idan kayan sun haura dala 2,000, ake kai wa ga babban laifi.

Sai kuma jihohin da ba su tsaya wani mataki ba. A Arkansas da Kentucky da New Jersey, ƙunshi ɗaya a karon farko ya isa a tuhumi mutum da babban laifi. Dokar New Jersey, wadda gwamna Phil Murphy ya sa wa hannu a Janairun 2022, ta tanadi ɗaurin shekara uku zuwa biyar da tarar da za ta iya kai dala 15,000. Filorida ta riƙe ma'aunin kuɗi amma ta sauke shi zuwa dala 40, ta yadda daga Oktoban 2024 duk wanda ya saci abin da ya kai wannan daga harabar gida yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara biyar.

A ganina tsarin da ke ƙirga gidaje ko maimaita laifi ya fi kusa da adalci, domin yana raba mutum biyu da bai kamata a haɗa su ba. Akwai wanda ya mayar da abin sana'a, yana bin motar kamfani a baya unguwa-unguwa, yana cika motarsa da kwalaye yana sayarwa ta intanet, wani lokaci tare da abokan aiki da masu karɓar kayan sata. Akwai kuma matashin da ya wuce ya ga kwali ya sunkuce, ko wanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsa yake neman abin da zai sayar na yini ɗaya. Dukansu sun yi laifi kuma dukansu sun cancanci hukunci, amma dokar da ta ɗora musu suna ɗaya ta koma ga kuskuren tsohuwar dokar ta wata fuska, wato ta ƙi duba abin da mutum ya aikata a zahiri. Dalilin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, a Amurka hukuncin babban laifi ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe wa mutum ƙofar kurkuku. Sunan yana bin sa duk inda ya je neman aiki ko hayar gida, yana hana shi lasisin sana'o'i da yawa, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga, kuma a jihohi da dama yana rasa 'yancin jefa ƙuri'a na wani lokaci. Idan ba ɗan ƙasa ba ne, hukuncin sata da ya kai ɗaurin shekara ɗaya yana iya jawo a kore shi daga ƙasar ko da yana da takardar zama ta dindindin. Mutumin da aka toshe wa hanyar aiki da ta muhalli saboda kwalin dala 45 ya fi kusa da sake sata fiye da yadda yake kafin a kama shi, kuma maƙwabtansa ne za su ɗanɗana kuɗar hakan.

Masu goyon bayan tsauraran dokokin suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa shekara biyar iyaka ce ta sama, ba kowa ake yanke wa ita ba, kuma alƙali yana da damar sassautawa ga wanda bai taɓa laifi ba. Suna kuma cewa 'yan sanda ba sa ɓata lokacin mai bincike a kan ƙaramin laifi, don haka sai an kira abin babban laifi kafin a buɗe masa fayil da gaske. Batu na biyun yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da yake nunawa shi ne matsalar tana wajen rabon ma'aikata da lokacinsu, kuma ana iya gyara wannan ba tare da an canza wa laifin suna ba. Na farkon kuwa ya manta da yadda shari'a ke gudana a ƙasar, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukunce-hukuncen laifi ke fitowa daga yarjejeniyar amsa laifi tsakanin mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma, ba daga sauraron shaidu ba. A irin wannan ciniki, iyakar sama ita ce sandar da ke hannun mai gabatar da ƙara. Talakan da ba shi da kuɗin beli, aka ce masa ko ya amsa ya fita yau ko ya jira shari'ar da za ta iya kai shi shekara biyar, sau da yawa zai amsa ko da hujjar da ake da ita a kansa hoton kyamara ne mai dishi-dishi.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko tsawon ɗaurin yana hana satar. Tun a 1764 masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya yi bayanin cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, kuma binciken zamani ya ƙarfafa maganarsa, har cibiyar bincike ta ma'aikatar shari'ar Amurka ta sanya wannan a kan gaba cikin abubuwan da ta ce an tabbatar game da hana laifi. Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma karin maganar yana aiki ne idan ranar mai kayan tana zuwa. Alƙaluman hukumar FBI na 2019 sun nuna cewa kashi 18.4 cikin ɗari ne kawai na satar da aka kai wa 'yan sanda rahoto aka warware, kuma wannan lissafi ya haɗa da satar kanti inda sau da yawa ake kama mutum a nan take. Satar ƙunshi kuwa da yawanta ba ta ma isa ofishin 'yan sanda, saboda wanda aka yi wa ya san hanya mafi sauri ita ce ya sanar da kamfanin da ya sayar masa a aiko masa da wani ko a mayar masa da kuɗinsa. Ɓarawon da ya yi sau hamsin ba a taɓa tsayar da shi ba, ba zai canza lissafinsa don an mayar da shekara ɗaya ta zama biyar a littafin da bai taɓa karantawa ba. Akwai ma shaida daga ɗaya ɓangaren: wata cibiyar bincike mai suna Pew ta duba jihohi 30 da suka ɗaga iyakar kuɗin da ke mayar da sata babban laifi tsakanin 2000 da 2012, wato suka sassauta, ta kuma tarar cewa hakan bai ƙara yawan sata a cikinsu ba.

Mutane da yawa sun ɗauka kyamarar ƙofa ta warware batun kamu. Kamfanin Ring mai ƙera irin wannan kyamara, wanda Amazon ta saya a 2018, ya sa miliyoyin gidaje suna da hoton duk wanda ya tako barandarsu. Amma hoton fuska ba suna ba ne, kuma wanda ya sa hula da takunkumi, ya ajiye mota a inda lambarta ba ta fitowa, ya bar ɗan sanda da bidiyon da ba zai kai shi ko'ina ba. Yaɗa irin waɗannan hotuna a dandalin unguwa yana da nasa haɗarin, domin ana iya nuna yatsa ga maƙwabcin da ya ɗauke kwali don ya adana wa mai shi, ko wanda ya zo karɓar kayansa da aka kai gidan da ba nasa ba, ko direban da ke aiki da motar kansa ba tare da rigar kamfani ba. Abin da ya fi kai wa ga kamu shi ne aikin da ke bukatar ma'aikata: ajiye ƙunshin tarko mai na'urar nuna wuri, kamar yadda 'yan sandan birnin Jersey City suka yi a Disamban 2018, da haɗa rahotannin unguwanni daban-daban har a gane cewa mota ɗaya ce, da bin sawun inda ake sayar da kayan. Dokar Teksas mai ƙirga gidaje talatin ba ta da amfani sai an sami jami'in da zai zauna ya nemo mutum talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da cewa kwalayen da aka samu a motar nasu ne.

Akwai kuma ɓangaren da dokokin nan suka yi shiru a kansa, shi ne na kamfanonin. Wani bincike da Ben Stickle na jami'ar Middle Tennessee da abokan aikinsa suka buga a 2020, bayan sun nazarci bidiyo 67 na irin wannan sata, ya nuna cewa an fi yin ta da rana, a gidajen da ke kusa da titi, a kan kwalaye matsakaita da ake hangowa daga nesa, musamman masu tambarin kamfani. Wannan yana nufin laifi ne da dama ke haifarwa, kuma wanda ya tsara yadda ake ajiye kayan yana da hannu wajen samar da damar. Kamfanonin sun yi lissafi sun ga cewa biyan diyyar abin da aka sace ya fi musu araha a kan jiran sa hannu a kowane gida, wannan kuma shawara ce ta kasuwanci da suke da 'yancin yankewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar ribar saurin a hannunsu, a tura kuɗin 'yan sanda da kotu da kurkuku ga masu biyan haraji, ba tare da an nemi komai daga gare su ba. A Birtaniya dokar haƙƙin masu sayayya ta 2015 ta bar alhakin kaya a wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda ya wakilta, abin da ke ba kamfani dalilin kula da inda direbansa zai ajiye su. Hanyoyin rage damar kuwa sanannu ne, tun da Amazon kanta ta fara kafa akwatunan karɓar kaya masu makulli a 2011, kuma ana iya ba mai saye zaɓin lokacin kawowa, ko neman lambar sirri kafin a miƙa kaya masu tsada da magunguna.

Wani amfani da dokokin musamman suke da shi, wanda ba a cika ambata ba, shi ne na ƙididdiga. A tsarin tattara bayanan laifuffuka na ƙasa, satar ƙunshi ba ta da rukunin kanta, tana narkewa ne cikin sauran sace-sace, shi ya sa mafi yawan alƙaluman da ake yawo da su suka fito daga tambayoyin da kamfanoni masu sayar da kayan tsaro ke yi wa jama'a. Yanzu da laifin ya sami sashensa a kundin jihohi da dama, kotunansu suna iya fitar da adadin waɗanda aka tuhuma a ƙarƙashinsa, da yawan waɗanda karonsu na farko ne, da irin hukuncin da aka yanke musu, da kuma ko rahoton satar ya ragu. Teksas da Mishigan sun shafe shekaru da dokokinsu, Arkansas da New Jersey kuma sun bi hanya mafi tsauri, don haka akwai abin kwatantawa. Ya kamata duk majalisar da ke shirin kafa irin wannan doka ta nemi waɗannan alƙaluma daga jihohin da suka riga ta, ta kuma rubuta a cikin dokar tata cewa dole a riƙa buga su kowace shekara.